A Lulluɓe Doki Da Damina, Ko A Bar Shi Haka?

Idan damina ta kankama, wasu masu dawaki sukan ji tausayin dokinsu. Sai su ɗauko tsohon bargo ko buhu su lulluɓe shi, wai kada ruwa ya dake shi. Niyyar mai kyau ce, amma sau da yawa cutar da doki take yi.

Doki ba ya jin sanyi kamar mutum. Zafin jikinsa yakan kai digiri 38, ya ɗan ɗara na mutum. Gashinsa yana da maiƙo, ruwa yakan bi ta kansa ya gangare. Da gumi yake rage zafin jiki, kuma sai iska ta busar da gumin sannan ya ji sanyi. Idan an rufe shi, gumi ba ya bushewa. Daminar ƙasar Hausa kuwa ruwa ne haɗe da zafi. A Turai ne ake sa wa dawaki bargo, saboda sanyin hunturunsu mai ƙanƙara.

Babbar illar ita ce ciwon fata. Makiyaya sun san kirci a jikin shanu. Ƙwayar cutar da ke kawo shi tana kama doki ma, kuma fata mai laima take so. Gashin gadon baya yakan dunƙule, ya yi ɓawo, ya tuge, ya bar miki. Ƙuda ya samu wurin zama ke nan. Jiƙaƙƙen bargo yana riƙe laima kwana da kwanaki, musamman a watan Agusta lokacin marka. Leda ta fi komai muni, don iska ba ta ratsa ta. Dokin da bayansa ya yi miki ba ya ɗaukar sirdi, ko da ranar hawan salla ce.

Abin da doki ke bukata shi ne rumfa mai rufi wadda iska ke shiga, da busasshiyar ƙasa a turke. Bayan an sauka daga hawa, a cire sirdi da jalala, a shanya su, a goge bayan dokin. A riƙa duba kaska. Da magariba a tayar da ɗan hayaƙi nesa da harawa, don korar ƙwari masu cizo.

Akwai lokacin da lulluɓi yake da amfani. Tsohon doki, ko ramamme, ko marar lafiya, yakan yi rawar sanyi idan ruwan dare da iska sun dake shi. A fara goge shi ya bushe, sannan a rufa masa busasshen mayafi. Can an jima a cusa hannu ƙarƙashin mayafin, bayan kafaɗa. Idan an ji gumi, a cire nan take. Idan kuwa ɓawo ya riga ya fito a baya, a daina ɗora sirdi, a ware tsumman gogarsa daga na sauran dawaki, a kira malamin dabbobi.