Matsalar Keɓaɓɓun Kalmomi Wajen Koyar da Ɗaliban Sakandare Darasin Abincin Gaggawa da Gina Jiki

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan maƙala shi ne duba wasu kalmomin Hausa da malami ke amfani da su idan zai koya wa ɗaliban sakandare abin da ya shafi abincin gaggawa da lafiyar jiki, tare da nuna inda kalmomin kan kauce daga ma'anar da ake nufi. Abin da ya ja hankalina ga batun shi ne duba ɗalibai masu gwajin koyarwa da na yi a wasu makarantu na kudancin ƙasar nan, inda aiki ya kawo ni. A nan ajin Hausa yakan haɗa 'ya'yan Hausawa mazauna Sabo da yaran da ke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu. Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a firamare a 2022, ta kuma janye ta a 2025. Ke nan darasin Hausa, ta hanyar insha'i da auna fahimta da fassara, yana cikin 'yan wuraren da yaro zai tattauna irin wannan batu da harshen da yake sayen abinci da shi.

2.0 Mene ne Abincin Gaggawa?

Kalmar fassara ce ta abin da Turawa ke kira fast food, kuma tana tafe da hoton gidajen abinci na zamani. Mr Bigg's ya buɗe a Marina, Legas, a 1986, Chicken Republic a 2004, KFC kuwa ya shigo a 2009. Taliyar Indomie ta fara shigowa a ƙarshen shekarun 1980, kafin a kafa masana'antarta a Ota ta jihar Ogun.

Sai dai idan gaggawa ce ma'auni, to Bahaushe ya daɗe da nasa. Ƙosai da waina da ɗanwake da gurasa da tsire da fura da nono, duk a tsaye ake saye, a ci a wuce. Wata ɗalibar da na duba ta rubuta a allo cewa abincin gaggawa yana cutarwa, sai wani yaro ya tambaye ta ko har da ƙosan da mahaifiyarsa ke soyawa. Malamar ta rasa amsa, alhali yaron ne ke da gaskiya, domin ƙosai wake ne, abin da za a duba a cikinsa shi ne yawan man da ya sha da sau nawa aka maimaita suya da man. Ashe illar ba a saurin take ba, tana cikin yawan mai da gishiri da sukari. A ganina kalmomin da muka gada, wato ƙwalama da maƙulashe da tanɗe-tanɗe, sun fi kusa da abin da malami ke son faɗa, tun da dukkansu suna nuna ci don marmari ba don yunwa ba. Rauninsu shi ne ba su rufe taliya da ƙwai ta mai shayi ba, wadda ga ɗalibai da yawa ita ce abincin dare sukutum.

3.0 Kalmomi Masu Harshen Damo

Babbar matsala ita ce “abinci mai gina jiki”. A rediyo da asibiti ana nufin duk abinci mai amfani. A littattafan makaranta kuwa ana nufin rukuni ɗaya, na nama da kifi da ƙwai da wake, daura da “mai ba da ƙarfi” da “mai kare jiki”. Yaron da ya haɗa ma'anonin biyu zai fahimci cewa soyayyar kaza ta gidan abinci ta fi tuwon dawa da miyar kuka, tun da ita ce aka ce tana gina jiki. Ya kamata a bar wannan jimla ga ma'ana ta gaba ɗaya, a ari furotin ga rukunin, kamar yadda aka ari bitamin ba tare da an sami tangarɗa ba.

Haka abin yake ga lemo. Kalma ɗaya ce ke ɗauke da ɗan itacen da ake so yaro ya sha da kuma ruwan kwalba da ake so ya rage. Malamin da ya ce “a riƙa shan lemo” bai faɗi komai ba sai ya bambance lemon zaƙi da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2015, ta ba da shawarar kada sukarin da aka ƙara wa abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana, wato kimanin giram 50 ga baligi, ko ƙaramin cokali 12. Lemon kola mai rabin lita, idan na asali ne, shi kaɗai yakan cinye wannan kaso. Harajin naira 10 a kan kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora wa irin waɗannan lemuka kyakkyawan batu ne na muhawara a aji.

Ƙiba kuwa matsalarta ta al'ada ce. Idan na je gida hutu aka ce na yi ƙiba, yabo ne, kuma godiya ake jira in yi. Rama ita ce abin jaje. Saboda haka malamin da ya ce ƙiba cuta ce, ya yi karo da abin da yaro ke ji a gida. Harshen bai rasa mafita ba, domin akwai teɓa da tumbi, waɗanda ba wanda ke ɗaukarsu yabo. Amma kalmomi ne na zolaya, kuma a ajin da akwai yaro mai jiki, furta su kan zama tsangwama. “Ƙibar da ta wuce kima” ta fi tsawo, amma ta fi aminci.

4.0 Gishiri da Abin da ba a Kira Gishiri ba

Hukumar ta ƙayyade ƙasa da giram 5 na gishiri a rana ga baligi, abin da bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba. Sinadarin da ke da alaƙa da hawan jini shi ne sodiyam, kuma ba a gishirin miya kaɗai yake ba. Yana cikin dunƙule, yana cikin ƙullin garin ɗanɗano na taliya, yana cikin yajin tsire da ake haɗawa da dunƙule, har ma da kanwar da ake sa wa ɗanwake. Bahaushe bai taɓa lissafa kanwa cikin gishiri ba, saboda haka a nan aro ya zama dole.

Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 ba za a sa ran su ƙunshi irin waɗannan ba, ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 kuwa harshe da adabi da koyarwa ya fuskanta. Kafin a sami matsaya, abin da na ga ya yi aiki shi ne a sa ɗalibai su zo da ledar taliya ko biskit da suka ci, su fassara bayanin da ke bayanta zuwa Hausa, su ninka adadin sodiyam sau biyu da rabi don su sami na gishiri. Kalmomin da suka gagare su fassarawa, su malami zai tattara ya miƙa wa masu aikin ƙirƙirar kalmomi.