Fitilar da Ake Ba Ma'aikatan Jinya, da Wadda Nightingale Ta Riƙe

Duk shekara, da zarar hotunan bikin ɗaura hula na ɗaliban jinya sun bazu a Facebook, sai gardama ta tashi. Wasu su ce kunna kyandir ibadar wasu ce aka cusa wa 'ya'yanmu, wasu su ce ado ne kawai. Ni abin da ke damuna daban ne. Ƙaramar fitilar nan mai baki kamar buta, wadda ake miƙa wa ɗalibai da manyan baƙi a matsayin kyautar karramawa da sunan shahararriyar ma'aikaciyar jinya Florence Nightingale, ba ita ce matar ta riƙe ba.

A watan Nuwamba na 1854 Nightingale ta isa Uskudar, a ɓangaren Asiya na birnin Santambul, tare da mata 38, don jinyar sojojin Birtaniya da ake kwasowa daga yaƙin Kirimiya. Barikin Selimiye aka mayar asibiti. Abin da take zagayawa da shi cikin dare fanus ne na Turkawa, irin wanda ake sayarwa a kasuwar garin: faifan tagulla a sama, wani a ƙasa, tsakaninsu ƙyalle mai ninki da aka shafe da kaki, kyandir kuma a ciki. In an gama, a danne shi ya naɗe kamar zugazugin maƙeri. Akwai irinsa a gidan tarihin Nightingale da ke harabar asibitin St Thomas a Landan. Masu zane da masu sassaƙa ne suka sauya shi. Mutum-mutuminta da aka kafa a Waterloo Place da ke Landan a 1915 fitilar mai ya riƙe, irin ta Girkawan dā, kuma wannan siffar ce ta bi duniya.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Duk wanda ya taɓa fita tsakar gida da aci-balbal a lokacin hunturu ya san halin wutar da ba ta da mayafi: taku uku, iska ta kashe ta, hayaƙi kuma ya cika ido. Shi ya sa iyayenmu mata suka koma fitilar ƙwai, shi ya sa mai shayi ke kange wutarsa da kwali. Ƙyallen fanus yana tare iskar dogayen barandu, yana kuma tausasa hasken, kamar rana ta bayan labule, yadda za a duba fuskar majinyaci ba tare da an tashe shi daga barcin da ya samu da ƙyar ba. Kayan aiki ne, mai araha, na mutanen gari. Masu ganin abin baƙo ne gare mu su lura cewa daga kasuwar Daular Usmaniyya ya fito.

Sai kuma babban kuskuren, wanda ake maimaitawa a jawabin kowane biki: wai zagayen dare da fitila ne ya ceci sojojin. A hunturun farko da Nightingale ta yi a Uskudar, fiye da mutum 4,000 suka mutu a asibitin, akasarinsu ba daga rauni ba, daga taifot, kwalara da atini. An gina barikin a kan magudanan ƙazanta da suka toshe. Sai a watan Maris na 1855, da gwamnati ta aiko kwamitin tsafta wanda John Sutherland da injiniya Robert Rawlinson ke ciki, aka wanke magudanan, aka buɗe wa iska hanya, aka gyara ruwan sha. Daga nan mace-macen suka ragu sosai. Ita kanta Nightingale ta ɗauki darasin. Da ta koma gida lissafi ta rungume, ta zana jadawalin da ya nuna wa hukuma cewa ƙazanta ta fi harsashi kisa, sannan ta buɗe makarantar jinya a St Thomas a 1860.

Ba na ƙin kyautar. Yarinyar da ta kwana uku a jere tana gadin ɗakin haihuwa ta cancanci a tsaya a gaban iyayenta a miƙa mata wani abu. Amma zuciyata na ɓaci idan na ga jami'i ya raba fitilun ado da rana, alhali ya san famfon asibitin da ke ƙarƙashinsa ya yi watanni bai kawo ruwa ba. Na taɓa kwana jinyar wani ɗan'uwana a wani asibiti, wuta ta ɗauke wajen ƙarfe biyu. Ma'aikaciyar jinyar ta cije wayarta a baki tana haskawa, hannayenta biyu na neman jijiya, sannan ta wanke hannu da ruwan leda da muka sayo mata a bakin ƙofa.