Kwamfutocin Tebur Masu Baƙuwar Siffa: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Duba Kafin Ya Zuba Jari

Legas — Kasuwar na'urori masu ƙwaƙwalwa, wato kwamfutoci, musamman irin waɗanda ake girkewa a kan tebur, ta cika da samfura masu siffofi iri-iri waɗanda a shekarun baya ba a san da su ba. Akwai waɗanda ba su wuce tafin hannu ba, akwai masu akwatin gilashi da fitilu masu launi, akwai masu sanyaya ciki da ruwa maimakon fanka, kuma akwai waɗanda mai su ke iya sauya fuskar akwatinsu yadda ya ga dama. Ga ɗan kasuwar da zai sayo irin wannan kaya daga ƙetare domin sayarwa, ko kuma zai zuba su a ofishinsa, tambaya ɗaya ce ta fi kowace muhimmanci: in wani sashe na na'urar ya lalace ko ya tsufa, shin za a iya cire shi a sa wani na kowane kamfani, ko kuwa sai an koma wurin kamfanin da ya ƙera ta? Amsar wannan tambaya ita ce ke nuna shekarun da jarin zai yi yana aiki.

Asalin haɗa kwamfuta da hannu

Ran 12 ga Agusta, 1981, kamfanin IBM na Amurka ya fito da kwamfutarsa ta tebur a kan kuɗi dala 1,565. Da yake kamfanin yana gaggawar shiga kasuwa, ma'aikatansa na garin Boka Raton da ke jihar Fulorida, ƙarƙashin jagorancin Don Estridge, sun harhaɗa na'urar cikin kimanin shekara guda da kayan da suka sayo daga waje. Ƙwaƙwalwar sarrafa lissafi, wadda masu gyara ke kira furosesa, ta kamfanin Intel ce, manhajar da ke tafiyar da na'urar kuwa ta Microsoft. Bugu da ƙari, sun bar gurabu biyar a ciki domin ƙara wasu katuna, sa'an nan suka buga littafin da ya bayyana tsarin na'urar dalla-dalla.

Sakamakon haka, wasu kamfanoni suka shiga ƙera irinta. Kamfanin Compaq ya fara sayar da tasa a 1983, inda ya yi cinikin dala miliyan 111 a shekararsa ta farko. A 1987 IBM ya yi yunƙurin rufe ƙofar da ya buɗe, ya fito da samfurin PS/2 mai sababbin gurabu waɗanda sai an biya shi lada kafin a yi amfani da su. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin a 1988 kamfanoni tara suka haɗa kai suka fito da nasu tsarin. A ƙarshe dai IBM ya sayar wa kamfanin Lenovo na ƙasar Sin sashensa na ƙera kwamfutoci a 2005.

Daga wannan tarihi ne sana'ar haɗa kwamfuta ta samo asali. A kasuwar Computer Village da ke Ikeja a nan Legas, da sauran kasuwanni irinta a manyan biranen ƙasar nan, an daɗe ana rarrabe kwamfuta gida biyu: mai tambarin kamfani, da kuma wadda aka haɗa a shago, wadda 'yan kasuwa ke kira kulon.

Ƙa'idojin da suka sa haɗin ke yiwuwa

Abin da ya sa mai haɗa kwamfuta a Ikeja zai iya ɗauko babban allon na'ura daga Taiwan, ƙwaƙwalwar wucin gadi daga Koriya ta Kudu, akwati daga ƙasar Sin, ya ɗaure su wuri guda su yi aiki, shi ne ƙa'idojin awo da masana'antu suka amince da su. Babbar cikinsu ita ce ATX, wadda Intel ya fitar a 1995. Ita ce ta ƙayyade girman babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod, a kan milimita 305 tsawo da 244 faɗi, ta kuma ƙayyade inda ramukan ƙusoshi za su kasance da irin wayar da za ta kawo wuta daga akwatin rarraba lantarki. A 1997 aka fito da ƙaramarta mai suna microATX. A 2001 kamfanin VIA na Taiwan ya gabatar da Mini-ITX, mai santimita 17 a kowane ɓangare, wadda a kanta ne aka gina yawancin ƙananan kwamfutoci masu ban sha'awa da ake haɗawa da hannu. Haka zalika, kafar USB ta 1996 da gurbin PCI Express na 2003 sun daidaita yadda ake jona kayan waje da katunan hoto.

Amfanin ƙa'ida ga mai saye a fili yake. Kamfanin AMD ya fito da mazaunin furosesa mai suna AM4 a 2016, ya kuma ci gaba da fitar da sababbin furosesa masu zama a kansa har cikin 2024. Ke nan da yawa daga waɗanda suka sayi irin wannan allo tun da wuri sun sami damar ƙara wa na'urarsu ƙarfi bayan shekaru, ta hanyar sauya sashe ɗaya tak.

Sai dai ƙa'ida ma tana da zamani. Ƙwaƙwalwar wucin gadi, wato ram, nau'in DDR4 ba ta shiga gurbin DDR5, ko da yake tsawonsu ɗaya, saboda an sauya wurin tsagar da ke ƙasansu. Mai shigo da kaya wanda bai lura da wannan ba, yana iya cika shago da hajar da ba ta dace da allunan da ke hannun abokan cinikinsa ba.

Kyakkyawar siffa da rufaffen ciki

Tarihin kamfanin Apple ya ƙunshi misalai biyu da masu nazarin wannan kasuwa ke yawan ambato. A watan Yuli na 2000 kamfanin ya fito da Power Mac G4 Cube, wata kwamfuta mai kusurwa huɗu, kimanin santimita 20 kowane ɓangare, cikin akwatin roba garai-garai, ba ta da fanka ko ɗaya. An yaba wa kyanta ƙwarai, har gidan adana kayan fasahar zamani na birnin Niyu Yok ya ajiye ɗaya. Amma farashinta dala 1,799 ne, kuma ba ta da gurabun ƙara katuna irin na 'yar uwarta mai dogon akwati, wadda ta fi ta araha. Shekara guda kacal aka dakatar da ƙera ta.

A 2013 kamfanin ya sake gwadawa da Mac Pro mai siffar gwangwani, tsawonta kimanin santimita 25, a kan dala 2,999. An tsara hanyar fitar da zafinta ne daidai da katunan hoto biyu da aka ƙera mata musamman. Da masana'antu suka karkata ga babban kati guda mai zafi sosai, sai ya zamana babu yadda za a yi a sa shi a cikin gwangwanin. A watan Afrilu na 2017 shugabannin kamfanin suka amsa wa 'yan jarida cewa tsarin ya ɗaure musu hannu, kuma a 2019 suka koma ga dogon akwati mai gurabu. Ƙwararrun da suka zuba kuɗi a na'urar 2013 sun yi shekara shida ba su sami sabon samfuri ba. Irin wannan ne Hausawa ke kira kyan ɗan maciji.

Wannan matsala ba ta tsaya ga kwamfutoci masu tsada ba. Da yawa daga siraran kwamfutocin ofis masu tambarin manyan kamfanoni, waɗanda ake shigo da su na hannu, wato tokumbo, suna da akwatin rarraba lantarki mai siffa da wayoyi na musamman, maimakon waya mai haƙora 24 ta ƙa'idar ATX. In ya ƙone, sai an nemo irinsa daga wata matacciyar na'ura ta wannan samfuri.

Ƙanana da masu sauyin fuska

Ba kowace baƙuwar siffa ce ke da wannan illa ba. Kwamfutar Raspberry Pi, wadda aka ƙirƙira a garin Kambirij na Ingila aka fara sayarwa a watan Fabrairu na 2012 a kan dala 35, girmanta bai wuce na katin banki ba. Kusan kome nata a liƙe yake da dalma, amma da yake an buga awonta a fili, ɗaruruwan kamfanoni na ƙera mata akwatuna da ƙarin alluna, kuma arahar ta sa in ta lalace sauya ta gaba ɗaya ba ya da nauyi. A 2020 aka fito da Raspberry Pi 400, wadda dukkan kwamfutar ke cikin allon madannai. Kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Landan a watan Yuni na 2024.

Intel ma ya yi shekara goma yana sayar da ƙananan kwamfutoci masu suna NUC, masu allo kimanin santimita 10 kowane ɓangare, waɗanda akasari mai saye ke zaɓar ram da ma'adanar bayanai da kansa. A 2023 ya janye daga harkar ya miƙa ta ga kamfanin ASUS na Taiwan. Waɗanda suka saye su ba su yi asara mai yawa ba, tun da ram da ma'adanar na ƙa'ida ne, ana samunsu ko'ina.

Misali na baya-bayan nan shi ne na kamfanin Framework na Amurka, wanda Nirav Patel ya kafa, ya kuma yi suna wajen ƙera kwamfutocin cinya masu sauƙin gyara. A watan Fabrairu na 2025 ya gabatar da kwamfutar tebur mai akwati na lita huɗu da rabi, wadda fuskarta ke da ƙananan fale-fale 21 da mai ita zai iya cirewa ya jera wasu masu launin da yake so, haka ma yana zaɓar irin kafofin da za su kasance a gaba. Allonta na ƙa'idar Mini-ITX ne, saboda haka ana iya mai da shi wani akwati. To amma ram ɗinta a liƙe take, domin furosesar AMD da ke ciki tana buƙatar hakan kafin ta kai saurin da aka tsara mata. Wanda ya sayi mai gigabait 32 ba zai iya ƙarawa ba daga baya. Wannan ya nuna cewa sauya launin fuska daban, sauya kayan ciki daban, kuma na biyun ne ke shafar aljihu.

Lissafin ɗan kasuwar Nijeriya

Tun da Babban Bankin Nijeriya ya sassauta tsarin canjin kuɗi a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma zuwa fiye da naira 1,500 a cikin 2024. Da yake kusan dukkan kayan kwamfuta daga waje ake sayo su, ratar da ke tsakanin sauya sashe ɗaya da sauya na'ura sukutum ta ƙara faɗi. Daɗin daɗawa, a ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin duniya, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe abin da masana'antu ke samarwa. A irin wannan yanayi, na'urar da za a iya saye da ƙaramar ram a ƙara mata in farashi ya sauko ta fi wadda aka liƙe tata.

Akwai kuma batun manhaja. Ran 14 ga Oktoba, 2025, Microsoft ya daina bai wa Windows 10 kariyar da yake bayarwa a kai a kai, in ban da waɗanda suka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa tana buƙatar wani sashen tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesar Intel ta zubi na takwas zuwa sama, wanda aka fara fitarwa a 2017, ko makamanciyarta ta AMD. Mai kwamfutar da aka haɗa bisa ƙa'ida zai sauya allo da furosesa, wataƙila da ram, ya riƙe akwati da ma'adana da allon kallo. Mai rufaffiyar na'ura sai ya sayi sabuwa. Masu sayen tokumbo ya kamata su tambayi zubin furosesa kafin su biya, don araha ba ta ado.

Wutar lantarki ma tana cikin lissafi. Katin hoto na Nvidia samfurin RTX 4090, na 2022, shi kaɗai yana jan wat 450, alhali ƙaramar kwamfuta ta aikin ofis ba kasafai take wuce wat 65 ba. Ga ofishin da ya dogara da janareto ko batirin hasken rana, wannan bambanci yana bayyana a kuɗin mai da yawan batura. Akwatin rarraba lantarki mai shaidar 80 Plus yana mai da aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja zuwa aiki, kuma shi ne sashen da ya fi fuskantar hawa da saukar wuta, don haka bai dace a yi masa rowa ba, ko a bar shi ba tare da sitabilaiza da UPS ba. Akwatuna masu buɗaɗɗen jiki, waɗanda ake yayi a ƙasashe masu sanyi, ba su dace da ƙurar hunturu ba. Mai tacewar ƙura da ake cirewa a wanke ya fi. Masu sanyaya ciki da ruwa kuma suna da famfo da ke iya tsayawa da tiyo da ke iya yoyo, ga shi masu gyaransu ba su da yawa kamar na fanka.

A ɓangaren kayan haɗi, allon madannai mai karɓar sauyi yana da amfani na musamman ga maɗaba'u da ofisoshin da ke aiki da Hausa, domin ana iya ware madannai ga haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, a huta da neman su ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka, kafin a kammala ciniki, ya kamata mai saye ya sa a buɗe masa akwatin, ya tambayi abu huɗu: ƙa'idar allon, ko ram tana cirewa, ko akwatin lantarkin na gama-gari ne, da kuma ko furosesar tana ɗaukar manhajar da ake bai wa kariya a halin yanzu. In amsoshin sun gamsar, siffar akwati da launinsa sai abin da ransa ya fi so.