Rama Mugunta da Alheri: Koyarwar Kiristanci da Yadda Aka Jarraba Ta a Arewa

Cikin umarnin da addinin Kirista ya ɗora wa mabiyansa, babu wanda ya fi nauyi a zuciyar ɗan Adam kamar wanda ya ce kada a rama mugunta da mugunta, a ƙaunaci maƙiyi, a yi wa mai tsanantawa addu'a. Tushensa yana cikin Huɗubar kan Dutse, a sura ta 5 ta Bisharar Matiyu, inda Yesu Almasihu ya ɗaga mabiyansa daga tsohuwar ƙa'idar ramuwa daidai da daidai, har ya kawo misalin wanda aka mara a kunci. Manzo Bulus ya ƙara bayani a sura ta 12 ta wasiƙarsa zuwa ga Romawa: sakayya ta Allah ce, aikin mai bi kuwa shi ne ya ciyar da abokin gabarsa idan yunwa ta kama shi. Bisharar Luka ta nuna Yesu yana nema wa waɗanda suka gicciye shi gafara, kuma Istifanas, shahidi na farko a tarihin ikilisiya, ya bi sawunsa yayin da ake jifansa. Masu karatu da Hausa sun sami waɗannan nassoshi a dunƙule tun 1932, shekarar da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Malaman tauhidin Kirista suna fayyace cewa ƙaunar da ake nufi ba shauƙi ba ce. Ba a ce zuciya ta yi farin ciki da wanda ya ƙona wa mutum gida ba. Abin da ake nema shi ne niyya da aiki: a janye hannu daga ɗaukar fansa, a kuma nemi alherin mai laifin, wanda ya haɗa da tubarsa. Haka kuma koyarwar ba ta soke hukunci ba, domin sura ta 13 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa ta ba hukuma ikon hukunta masu laifi. Mai gafara yana iya kai ƙara kotu. Abin da aka haramta masa shi ne ya zama alƙali da hauni a shari'ar kansa.

A nan ne ra'ayoyi suka rabu. Yawancin ikilisiyoyi, tun daga zamanin malamin tauhidi Agustin na Arewacin Afirka, sun yarda cewa ana iya kare kai da kare raunana bisa sharuɗɗa. Wasu 'yan kaɗan kuwa sun ƙi ɗaukar makami kwata-kwata. A Arewacin Najeriya wannan muhawara ta bar ɗakin karatu ta fito titi bayan rikicin Kafanchan na 1987 da na Kano na 1991, lokacin da aka fara jin wasu matasan coci suna cewa an mari kunci na ɗaya, an mari na biyu, babu na uku da za a juya. Magana ce mai shiga kunnen wanda aka zalunta. Sai dai abin da ya faru a Yelwa ta Jihar Filato a 2004 ya nuna inda take kaiwa. A watan Fabrairu aka kashe Kiristoci, wasunsu a cikin majami'a; a watan Mayu aka kai harin fansa da ya hallaka ɗaruruwan Musulmi; cikin 'yan kwanaki wutar ta tsallaka Kano, ta ci mutanen da ba su taɓa taka Yelwa ba. Ƙarshenta Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato. Ramuwar gayya, in ji Bahaushe, ta fi gayya zafi, kuma sau da yawa kan marar laifi take faɗawa.

Cikin waɗanda suka taɓa bin waccan hanya akwai Fasto James Wuye na Kaduna. A da yana jagorantar matasan Kirista masu fita faɗa, kuma a rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf ya rasa hannunsa na dama. A ɗaya ɓangaren, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. An haɗa su a 1995, suka fara aiki tare, amma Wuye bai ɓoye cewa ya daɗe yana tafiya da Ashafa alhali zuciyarsa na raya masa ya cutar da shi ba. Abubuwa biyu suka sassauto shi: Ashafa ya zo gaida mahaifiyar Wuye da ke kwance ba lafiya, sannan wani fasto ya faɗa masa ƙeƙe-da-ƙeƙe cewa ba a wa'azin Almasihu da ƙiyayya a ciki. Shi ma Ashafa huɗubar Juma'a ce ta juya shi, wadda ta tuna masa yadda Annabi Muhammadu (SAW) ya yafe wa mutanen Ɗa'ifa. Cibiyar sulhun da suka kafa ta taimaka wajen sanarwar zaman lafiya ta Kaduna da shugabannin addini 22 suka sa wa hannu a 2002, da kuma sulhun Yelwa da Shendam a 2005. Labarin Wuye yana da amfani musamman saboda ya nuna cewa aikin alheri ya riga wankewar zuciya. Hannu ya fara, zuciya ta biyo baya da shekaru.

Jarrabawa mafi tsanani ta faɗa wa Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda aka fi sani da EYN. Asalinta ɗarika ce da ta tsiro a Jamus a 1708 bisa aƙidar ƙin yaƙi, masu mishan Stover Kulp da Albert Helser kuma suka yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida a 1923. Yankin da ta yi ƙarfi, wato kudancin Borno da arewacin Adamawa, shi ne ya zama dandalin Boko Haram. Yawancin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yan wannan ikilisiya ne. A Oktoban shekarar aka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci, an kuma ƙona majami'unta masu ɗimbin yawa. A farkon 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi, fastonta kuma shugaban Ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) a Michika. Duk da haka ikilisiyar ba ta kafa rundunar fansa ba. Ƙungiyar agaji ta Dakta Rebecca Dali, wata mambar ikilisiyar, ta riƙa raba abinci da tufafi ga zawarawa da marayu ba tare da tambayar addininsu ba, har Dakta Dali ta sami lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a 2017. A Gurku ta Jihar Nasarawa kuma, wani ɗan ikilisiyar, Markus Gamache, ya jagoranci gina matsugunin 'yan gudun hijira inda Kirista da Musulmi ke zaune maƙwabtan juna, da majami'a da masallaci.

Nijar ma ta ga nata. A Janairun 2015, zanga-zangar nuna fushi kan zanen mujallar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe a Damagaram da Yamai, aka ƙona gomman majami'u. Shugabannin Kirista sun fito sun bayyana gafara, kuma an sami Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu.

Akwai sukar da ake yi wa wannan koyarwa, kuma ba ta banza ba ce. Idan ana ta kiran wanda aka zalunta ya yafe alhali ba a kama kowa ba, ba a biya diyya ba, gafara takan zama mafakar masu laifi da ta hukumomin da suka yi sakaci. Shi ya sa kwamitin gaskiya da sulhu da Akbishop Desmond Tutu ya shugabanta a Afirka ta Kudu ya gindaya cewa sai mai laifi ya bayyana dukkan abin da ya aikata kafin a yi masa afuwa. A Najeriya kuwa, kwamitocin binciken da aka kafa bayan rikice-rikicen Kaduna da Jos sun miƙa rahotanni, amma kaɗan ne cikin masu hannu a kisan suka fuskanci hukunci. Mai bi da ya ajiye adda ya sauke nasa nauyin. Nauyin kamawa da hukuntawa yana nan a wuyan gwamnati.