Buzuzun Ruwa, Mai Gadin Kududdufi

In damina ta kankama, kududdufai da tafkuna suka cika, akan ga waɗansu ƙwari baƙaƙe masu ƙyalli suna kai da kawowa cikin ruwa. Su ne buzuzun ruwa. Mutane da yawa suna ɗaukarsu ƙazanta, alhali kuwa amfaninsu ya fi ɓarnarsu.

Iri biyu aka fi gani. Na fari shi ne mai nutso. Masana sun ƙidaya danginsa fiye da 4,000 a duniya, manyansu kuwa sukan kai inci ɗaya da rabi. Ƙafafunsa na baya masu faɗi ne da gashi, da su yake tuƙi kamar mai kwalekwale. Ba ya iya numfashi kamar kifi. Sai ya taso ya ɗaga gindinsa, ya ɗebi iska ya ɓoye ƙarƙashin fukafukansa, sa'an nan ya koma ƙasa. Na biyu ƙarami ne, shi ne mai kewaye-kewaye bisa ruwa cikin taro. Kowane idonsa rabe yake biyu, rabi yana duban sama, rabi yana duban ƙasa. Dukansu suna tashi, galibi da dare. In tafki ya ƙafe sai su nemi wani.

Abin da ya shafi hakimai shi ne abincinsu. Mai nutso da tsutsarsa mafarauta ne, cikin abin da suke ci kuwa har da tsutsar sauro, sauron nan mai kawo zazzaɓi. Don haka sauro ya fi samun sakewa a ƙananan ramuka, da sawun shanu, da fasassun tukwane, inda masu cinsa ba su da yawa. Waɗannan ya kamata a sa masu unguwanni su cike, ko su kife. Amma zuba maganin ƙwari ko baƙin mai cikin babban tafki yakan kashe mai gadi tare da ɓarawo, sauro kuwa ya riga buzuzu dawowa.

Ɓarnarsa ɗaya ce: manyan tsutsotsinsa suna cin 'ya'yan kifi, saboda haka masu kiwon kifi su riƙa tsame su da koma.

A kuma faɗakar da talakawa cewa ba buzuzu ke kawo tsargiya ba, daga katantanwar ruwa take fitowa. Ganinsa ba shaidar ruwa ya kyautu a sha ba ce. A tafasa ruwan tafki tukuna.