Cendrillon, 'Yar Bora da Batun Yafiya

A Gaya, inda gadar Kogin Neja ta haɗa Nijar da Malanville ta ƙasar Benin, ga Kamba ta Najeriya nan kusa, yaro yakan tashi da tatsuniya biyu a kunne: ta kaka da daddare, da ta makarantar Faransanci. Duka biyun suna da yarinyar da aka zalunta a gidan ubanta. Abin lura shi ne yadda take yi idan ɗaukaka ta zo mata.

Charles Perrault ya buga labarin Cendrillon a Faransa a 1697. A ƙarshensa 'ya'yan matar ubanta suka zube a gabanta suna neman gafara. Ta ɗago su, ta rungume su, ta kai su fada, har ta aurar da su ga manyan fadawa. A lokacin tana amaryar ɗan sarki, kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta hallaka su. Wannan ne ya sa masu nazari ke ganin koyarwar Kirista a ciki. A Linjilar Matiyu, sura 18, Bitrus ya tambaya ko yafiya sau bakwai ta wadatar, amsar da ya samu ta nuna cewa ba a yi mata iyaka.

Ba duk Turawa suka bi wannan hanya ba. A bugun 'yan'uwan nan Grimm na Jamus na 1819, kurciyoyi ne suka ƙwaƙule idanun azzaluman.

Tamu 'yar bora a tsakiya take. Ta tafi neman Ruwan Bagaja da ladabi da haƙuri, ta dawo da dukiya. 'Yar mowa ta bi sawunta da rashin kunya, halinta ya ja mata wulaƙanci. 'Yar bora ba ta rama ba, amma tatsuniyar ba ta nuna ta tana ɗago 'yar'uwarta. A ganina barin ramuwa haƙuri ne, yafiya kuwa sai an miƙa hannu, kuma ita ce mai wuya.

Musulmi, waɗanda su ne mafi yawa a Gaya, sun san wannan daga ƙissar Annabi Yusuf, wanda ya yafe wa 'yan'uwansa yana riƙe da taskokin Masar. Labarin yana cikin Littafin Farawa ma. A Janairun 2015, bayan an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, shugabannin Kiristocin Nijar sun fito fili sun ce sun yafe wa waɗanda suka aikata.