Zafin Injin Kat-Kat: Yaushe Allura Ke Faɗin Gaskiya?

A wannan fitowa za mu ajiye zancen farashin shanu, mu yi magana kan motar da ke kai mu kara. Da yawanmu da kat-kat muke shiga daji, Land Cruiser ko Hilux ko Pajero, mu sayi dabbobi a rugage da ƙananan kasuwanni, mu riga babbar mota isa kan iyaka. In injin ya ƙone maka tsakanin Tanut da Damagaram ranar Laraba, to kasuwar Maigatari ta Alhamis ta wuce ka, ga kuɗin mutane a jikinka, ga dare a daji.

Mu kanmu abin ya taɓa cin mu wata bazara. Direba na ta tafiya, allurar zafi na zaune lafiya, sai warin ƙuna muka ji. Ashe tiyo ne ya tsage ta ƙasa, ruwa ya tsiyaye tas. Kwana uku muka yi a garaji. Tun daga ranar muka gane allura ba ita ce zafin ba, labarinsa kawai take kawowa, kuma mai kawo labari yakan yi kuskure.

Ga yadda abin yake. Injin yana son ya yi aiki a zafin da ke tsakanin digiri 80 da 95. Famfon ruwa ke zagaya ruwa cikinsa ya kai shi lagireto, inda iska da fanka ke sanyaya shi. A bakin hanyar akwai wata 'yar ƙofa, tamostat, wadda ba ta buɗewa sai ruwa ya kai wajen digiri 80. Murfin lagireto kuwa ba murfi ba ne kawai: yana matse ruwan, maimakon ya tafasa a digiri 100 sai ya jure har wajen 120. Murfin da robarsa ta mutu shi kaɗai ya isa ya sa mota tafasa.

Mai auna zafin shi ne sensa, wani ɗan ƙarfe da aka ɗaura a jikin injin, bakinsa cikin ruwa. Tsofaffin motoci, irin Land Cruiser mai injin 1HZ da ya fito a 1990, sensar allura ce da su, mai waya ɗaya. Sababbi kuwa akwai mai waya biyu da ke kai wa kwamfutar mota labari, ita kuma ta yanke yawan man da za a sha, a wasu motocin har da lokacin tashin fanka. In wannan sensa ta ce injin da sanyi alhali ya yi zafi, sai mota ta riƙa shan mai, tana baƙin hayaƙi, fankar lantarki ta ƙi tashi. Kuma in ruwa ya zube, bakin sensa ya koma cikin iska, allura na iya nuna lafiya injin na ƙonewa. Abin da ya same mu ke nan.

To, in allura ta hau a hanya, kada a ce bari mu ƙarasa gari. A kashe iyakwandishan, a kunna hita har ƙarshe don ta janye zafi, a sauka gefe. In ba tururi kuma ruwa ba ya zuba, a bar injin a sulo minti biyu ko uku. In akwai, a kashe nan take. Kada kowa ya taɓa murfin lagireto sai bayan rabin awa ko fiye, an sa tsumma, an murɗa a hankali. Mun ga yaron mota da tafasasshen ruwa ya saluɓe wa hannu saboda gaggawa. Kuma kada a kwara ruwan sanyi cikin injin mai zafi, kan injin na iya tsagewa.

Da ya huce, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ya ragu? A nemi inda yake yoyo: tiyo, lagireto, ko ƙarƙashin famfon ruwa. Bel ya saki ko ya tsinke? A leƙa fuskar lagireto, domin ƙarangiya da ciyawa da ƙura da fara sukan toshe ta. Fankar da bel ke ja, in injin na da zafi an kashe shi, ka tura ta da hannu ta yi ta juyawa sakaka, to kulocinta ya mutu. Irin wannan mota lafiya lau take a kan kwalta, sai an shiga rairayi da ƙaramar giya ta tafasa. In injin ya yi zafi amma lagireto da sanyi, tamostat ta maƙale a rufe. In kuwa ka ga farin hayaƙi, ko baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ko kumfa na tasowa a bakin lagireto, gasket ya ƙone. Nan sai ja, kada a tuƙa.

In duk waɗannan lafiya, amma allura na tsalle, ko ta hau sama da tayar da mota da asuba, to a zargi sensa ko wayarta. Mai wayarin zai auna ta da mita: irin mai waya biyu takan nuna om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80. In an sa na'ura a sabuwar mota, lamba P0115 zuwa P0118 zancen wannan sensa suke. Sau da yawa ma tsatsa ce a soket, gogewa kawai take so. In canji ya kama, a sayi ta ainihi, araha ba ta ado.

Abu biyu muke roƙon 'yan uwa su bari. Na farko, cire tamostat da wasu makanikai ke yi wai ƙasarmu da zafi. Wannan ɓoye cuta ne: injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, ya ci kansa, ainihin matsalar kuma tana nan. Na biyu, ɗura ruwan rijiya kullum. Gishiri da kanwar da ke cikinsa su ke toshe lagireto su cinye famfo. Sai dai in lalura ta kama a daji, kuma da an iso gari a wanke a zuba ruwan lagireto na kanti. Amma a kula, wannan ruwa mai launi yana da zaƙi, kuma guba ne ga dabba da yaro. Kada a zubar da shi kusa da kwamin shayarwa ko cikin kara.

Kafin kowace tafiya, da safe injin na sanyi, Alhaji ya tsaya da kansa a buɗe murfi a ga ruwa, kada a bar wa yaron mota shi kaɗai. A riƙe jarkar ruwa mai tsabta, da bel, da tiyo, da murfi na ajiya. Duka kuɗinsu bai kai na ɗan maraƙi ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a fatauci, amin.